x a hagu, x a dama: ta ina ake kamawa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibar sakandare ce. Idan aka ba ni ikweshan irin 3x + 4 = 19, ina warware shi ba tare da wata wahala ba. Amma da zarar na ga x a hagu, ga kuma wata x a dama, kamar 5x + 3 = 2x + 18, sai kaina ya ɗaure. An koya mana cewa duk abin da ya tsallake alamar daidai sai ya canza alama. Haka nake yi, amma wani lokaci in dace, wani lokaci in faɗi, ban kuma san dalili ba. Don Allah a yi mini bayani.

Amsa: Barka kadai, ƙanwata. Na ji daɗi da kika kawo maganar tsallakewa da bakinki, domin a nan gizo ke saƙar. Na daɗe ina duba takardun ɗalibai, kuma yawancin kuskuren da nake gani a wannan babi daga wannan magana guda yake fitowa. Gaskiyar zance, babu abin da ke tsallake alamar daidai. Lamba ba ta da ƙafa. Abin da ke faruwa shi ne ana yi wa ɓangarorin biyu aiki iri ɗaya, sai sakamakon ya yi kama da tsallakewa. Wanda ya san aikin da ke ƙarƙashi, gajeriyar hanyar ba ta cutar da shi. Wanda ya haddace ta kawai kuwa, ranar da ta yi daidai ya ci, ranar da ta kauce ya faɗi, bai kuma san abin da ya kayar da shi ba. Halin da kike ciki ke nan, kuma ba laifin kanki ba ne.

Mu fara da alamar kanta. A firamare, yaro yana ganin 6 + 2 = sai ya ɗauka ma'anar alamar ita ce "ga amsa nan tafe". Da wannan fahimta yake shiga aljabara, shi ya sa x a ɓangaren dama ke ba shi tsoro, tunda a wurinsa dama gidan amsa ne, ga shi kuma an ajiye masa wata tambayar a can. Ainihin abin da alamar ke faɗa shi ne: abin da ke hagu da abin da ke dama lamba ɗaya ce, an dai rubuta ta da siga biyu. Mutumin da ya ƙirƙiro alamar, Robert Recorde, likita kuma masanin lissafi ɗan yankin Wales na Birtaniya, ya fitar da ita a 1557, kuma dalilin da ya bayar na zaɓen layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa shi ne babu wasu abubuwa biyu da suka fi su daidaituwa. Saboda haka 5x + 3 = 2x + 18 magana ce cikakkiya. Tana cewa akwai wata lamba wadda idan aka ninka ta sau biyar aka ƙara uku, daidai take da a ninka ta sau biyu a ƙara goma sha takwas. Aikinki ki gano wace lamba ce. Ki lura kuma, x ta hagu da x ta dama ba 'yan'uwa ba ne, mutum ɗaya ce. Duk abin da wannan ta zama, shi waccan ta zama.

Yanzu ki kawo sikeli mai faranti biyu a ranki. A farantin hagu akwai jakunkuna biyar a ɗaure, nauyinsu ɗaya, da duwatsun awo uku. A na dama akwai irin jakunkunan nan guda biyu da duwatsun awo goma sha takwas. Sikelin yana tsaye cak, bai rinjaya ko'ina ba. Idan na sa hannu biyu na ɗauke jaka biyu daga hagu, jaka biyu daga dama, a lokaci guda, me zai sami sikelin? Ba komai. Nauyin da ya bar hagu shi ne ya bar dama.

Ki tsaya a nan kaɗan, domin duk sirrin babin yana cikin wannan ɗaukewa. Ban san nauyin jakar ba, amma rashin sanin bai hana ni ɗauke ta ba. Abin da nake bukata kawai shi ne tabbacin cewa jakunkunan iri ɗaya ne. Ɗalibai da yawa ba sa jin komai idan za su ɗebe 4 daga ɓangarori biyu, amma sai su yi turus idan aka ce su ɗebe 2x, suna ganin ta yaya za a ɗebe abin da ba a sani ba. To ai 2x lamba ce, fuskarta ce kawai a rufe. Duk abin da ya halatta a yi wa lamba, ya halatta a yi mata.

A rubuce ga yadda abin yake:

5x + 3 = 2x + 18
5x − 2x + 3 = 2x − 2x + 18
3x + 3 = 18

Kin ga inda muka fito? Wannan shi ne irin ikweshan ɗin da kika ce ba ya ba ki wahala. Mataki ɗaya tak ya raba sabon babin da tsohon. A ɗebe 3 daga kowane ɓangare, a sami 3x = 15. A raba kowane ɓangare gida uku, a sami x = 5.

Kada ki tashi daga nan sai kin gwada amsar a cikin ikweshan na asali, wanda aka ba ki, ba wanda kika rubuta a layi na uku ba, domin idan kuskure ya shiga a layi na biyu, layi na uku ya gaje shi. Hagu: 5 sau 5, a ƙara 3, ya ba da 28. Dama: 2 sau 5, a ƙara 18, ya ba da 28. Sun haɗu. Wannan na ɗaya daga cikin abubuwan da nake ƙaunar aljabara saboda su: ba sai kin jira malami ya gaya miki ko kin ci ba. Cikin daƙiƙa ashirin lissafin da kansa zai ba ki shaida.

Akwai wata hanya ta kallon wannan ikweshan ɗin da nake so ki riƙe, domin ita ce ke nuna dalilin da ya sa 3 da 15 suka fito. Ki ɗauki ɓangarorin biyu kamar 'yan tsere. Idan x sifili ce, hagu yana kan 3, dama yana kan 18. Dama ya ba hagu ratar 15. Idan x ta zama 1, hagu ya koma 8, dama ya koma 20, rata ta ragu zuwa 12. Idan ta zama 2, hagu 13, dama 22, rata 9. Duk taku ɗaya da x ta yi, hagu yana ƙaruwa da biyar, dama da biyu, wato hagu yana cin uku daga cikin ratar. Taku nawa ake bukata kafin uku-uku su cinye goma sha biyar? Biyar. To 3x = 15 da muka samu ɗazu, abin da take faɗa ke nan: 3 bambancin saurin ɓangarorin ne, 15 kuma ratar da ke tsakaninsu tun farko. Duk ikweshan mai siffar ax + b = cx + d, inda a, b, c da d ke tsaye a madadin lambobin da aka bayar, haka yake, amsarsa ita ce ratar farko a raba da bambancin sauri, wato x = (d − b)/(a − c). Ban kawo miki wannan don ki haddace ba. Na kawo shi ne saboda zai yi mana amfani can gaba, idan muka zo inda x ke ɓacewa.

To a ina maganar tsallakewa ke kayar da mutum? Ki duba 3x = 15. Ɗalibin da ya riƙe "ya tsallake, ya canza alama" yakan yi ɗaya daga cikin abubuwa biyu. Ko ya rubuta x = 15 − 3, ya sami 12, ko ya rubuta 15 a raba da −3, ya sami −5. Duka biyun ya bi dokar da aka ba shi sau da ƙafa, duka biyun kuma kuskure ne. Dalili shi ne 3 ɗin nan ba tara ta aka yi da x ba, ninka x take yi, kuma abin da ke warware ninkawa rabawa ce. Maganar canza alama ba ta san wannan bambanci ba. Haka kuma idan aka ba shi 2(x + 3) = x + 10, sai ya fizgo 3 daga cikin baka, wato alamar ( ), ya kai ta dama, alhali tana ɗaure da 2 da ke waje, nauyinta na gaskiya 6 ne. Shi ya sa nake roƙonki, har zuwa lokacin da hannunki zai faɗa, ki riƙa tambayar kanki a kowane layi: me na yi wa hagu, kuma na yi wa dama irinsa? Ki rubuta shi a gefen takarda: "na ɗebe 2x", "na ƙara 8", "na raba da 3". Zai ɗan ci lokaci a makon farko. Bayan haka za ki tarar kina tsallake layukan da kanki ba tare da kin yi tuntuɓe ba.

Sunan fannin ma daga waɗannan ayyuka ya samo asali. A wajejen shekarar 820, a Bagadaza, zamanin halifa Ma'amun, Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa a kan hisabin al-jabr da al-muƙabala. Kalmar aljabara daga al-jabr ta fito. A Larabci jabr na nufin gyara abin da ya karye, har ɗorin ƙashi ma da wannan kalma ake kiransa. A lissafinsa, idan wani ɓangare yana da abin da aka ɗebe masa, sai a yi masa ɗori, a cike giɓin, a kuma ƙara wa ɗaya ɓangaren daidai abin da aka cike da shi. Muƙabala kuwa, kalmar da mu ma muke da ita, ita ce a sa ɓangarorin su fuskanci juna, a kawar da abin da suka yi tarayya a kai. Ɗauke jaka biyu da muka yi ɗazu muƙabala ce. Babu x a littafin nasa, babu alamar daidai, komai da kalmomi ya rubuta, kuma abin da ba a sani ba yakan kira shi shai'i, wato "abu". Al'adar amfani da x, y da z ga lambobin da ake nema sai a 1637 ta kafu, ta hannun René Descartes na Faransa. Kin ga ke nan hanyar ta girmi alamomin da shekaru ɗaruruwa.

Ga inda ɗorin ke aiki:

7 − 2x = 3x − 8

Hagu yana da giɓin 2x, dama yana da giɓin 8. A nan ɗalibai ke yawan zamewa, su ga 2x su ce bari su ɗebe ta. Amma ai an riga an ɗebe ta, abin da ke gabanta alamar ɗebewa ce. Idan kika sake ɗebe 2x, hagu zai koma 7 − 4x, giɓin ya ƙara faɗi. Maganin giɓi cikewa. A ƙara 2x a kowane ɓangare:

7 = 5x − 8

A ƙara 8 a kowane ɓangare:

15 = 5x

A raba da 5, x ta zama 3. Gwaji: 7 − 6 ya ba da 1, 9 − 8 ya ba da 1.

Ki riƙe wannan ƙa'ida da kyau: alamar da ke gaban kowane abu tasa ce, tare suke tafiya. A 7 − 2x, abubuwan biyu su ne 7 da −2x. Kuma kada ganin 15 = 5x ya dame ki don x ta zauna a dama. Babu dokar da ta ce sai a hagu za ta zauna. Idan goma sha biyar daidai take da 5x, to 5x daidai take da goma sha biyar.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da na san tana ranki: a wane ɓangare za a tara x? Kowanne ya yi, amsa ɗaya za a samu. Amma akwai wanda ya fi sauƙi. Ki kawar da x ɗin da lambarta ta fi ƙanƙanta, ki bar wadda ta fi girma a inda take, sai abin da ya rage ya fito ba tare da alamar ɗebewa ba. A misalin da ya wuce, −2 ta fi 3 ƙanƙanta, shi ya sa muka kawar da ita. Da mun nace sai x ta dawo hagu, da mun sami −5x = −15, wanda shi ma yana ba da 3, sai dai an bi ta wurin da santsi ya fi yawa. Idan kuma wata rana kika tsinci kanki da −x = 6, ba ki gama ba tukuna. Ki ninka ɓangarorin biyu da −1, ki sami x = −6.

Game da amsoshin da ke ƙasa da sifili, dole in gaya miki cewa misalin sikeli yana da iyaka. A 2x + 9 = 5x + 21, idan aka ɗebe 2x aka kuma ɗebe 21, za a sami −12 = 3x, wato x = −4. Babu jakar da nauyinta ya gaza sifili, amma amsar daidai ce: −8 + 9 ya ba da 1, −20 + 21 ya ba da 1. Sikeli tsani ne na hawa, ƙa'idar "abin da aka yi wa hagu a yi wa dama" ita ce ke ci gaba da aiki bayan tsanin ya ƙare. Haka ma idan amsa ta fito da ɓari, kamar 6x + 1 = 2x + 11 da ke ba da x = 5/2, kada ki soke aikinki don ba ta fito cif ba. Littattafan makaranta sun saba wa ɗalibai da amsoshi masu tsabta, har wasu ke zaton duk amsar da ta zo da rabi kuskure ce. Ki gwada ta, idan ta ci gwaji ta zauna.

Idan ikweshan ya zo da baka, ki fara share kowane ɓangare a gidansa kafin ki fara ɗauke-ɗauke tsakaninsu. Misalin da ya fi kama mutane shi ne wanda alamar ɗebewa ke gaban baka:

10 − 2(x − 3) = x + 4

Tarko biyu ne a nan. Na farko, a ce 10 − 2 ya ba da 8, sannan a ninka baka da 8. Ba haka ba ne, domin 2 ɗin tana ɗaure da baka, kuma ninkawa tana gaba da ɗebewa. Na biyu, wanda ya fi yawa, a buɗe baka a rubuta 10 − 2x − 6. Abin da ke ninka baka −2 ne, kuma −2 sau −3 yana ba da +6. Daidai shi ne:

10 − 2x + 6 = x + 4
16 − 2x = x + 4
12 = 3x
x = 4

Gwaji: a hagu baka ta ba da 1, saboda haka 10 − 2 ya ba da 8, a dama 4 + 4 ya ba da 8. Wanda ya faɗa tarko na biyu zai sami x = 0, kuma da zai gwada, da ya ga hagu ya ba shi 16, dama ya ba shi 4, ya san akwai gyara tun kafin takarda ta bar hannunsa.

Lambobi masu sama da ƙasa ma ba wani dodo ba ne, ana korar su tun a layin farko. A x/2 + 1 = x/3 + 3, ki nemi lambar da 2 da 3 duk ke shiga cikinta ba saura, wato 6, ki ninka ɓangarorin biyu da ita. Sharaɗin shi ne kowa ya samu, har da 1 da 3 da ba su da komai a ƙarƙashinsu. Sai a sami 3x + 6 = 2x + 18, x ta zama 12, kuma kowane ɓangare ya ba da 7. Wanda ya manta da su zai rubuta 3x + 1 = 2x + 3, ya sami 2, wadda ba ta cin gwaji. Idan kuma saman yana da abu fiye da ɗaya, kamar (x − 1)/4 = (x + 3)/6, ki bar shi a cikin baka lokacin da kike ninkawa da 12: 3(x − 1) = 2(x + 3), wanda ke kai ki ga x = 9.

Yanzu ga abin da ba ya faruwa sai x tana ɓangarori biyu, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa a babin nan. Ki gwada 2x + 5 = 2x + 9. Kin ɗebe 2x nan da can, sai x ta ɓace gaba ɗaya, ta bar ki da 5 = 9. Ɗalibai sukan firgita a nan, wasu su rubuta x = 0, wasu x = 4, don dai kada wurin amsa ya zauna fayau. Ba ki yi kuskure ba. Ki koma ga 'yan tseren nan: dama ya ba hagu ratar 4, kuma saurinsu ɗaya. Yaushe hagu zai cim masa? Har abada ba zai cim masa ba. Biyar ba za ta taɓa zama tara ba, ko me x ta zama, saboda haka amsar ita ce babu lambar da ta dace. Wannan cikakkiyar amsa ce, haka za ki rubuta ta.

Kishiyarsa kuma ita ce 2(x + 3) = 2x + 6. An buɗe baka, an ɗebe 2x, an sami 6 = 6. Wannan gaskiya ce ko me x ta zama. 'Yan tseren sun tashi daga wuri ɗaya da sauri ɗaya, suna tare a kowane taku. Amsar ita ce kowace lamba ta dace. Idan kun fara zanen layuka a kan takardar giraf, za ki ga hoton abubuwan uku da idonki. Kowane ɓangare miƙaƙƙen layi ne. Ko layukan su gitta juna a wuri ɗaya, amsa ɗaya ke nan. Ko su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗu ba, babu amsa. Ko ɗaya ya kwanta a kan ɗaya, kowace lamba amsa ce. Babu na huɗu. A tsarin (d − b)/(a − c) da na nuna miki, waɗannan biyun na ƙarshe su ne inda a da c suka zo ɗaya, ƙasa ya zama sifili, kuma ba a raba lamba da sifili.

Kada ki haɗa waɗannan da x = 0, wadda amsa ce kamar kowace amsa. A nan ma akwai rami mai zurfi. Ki duba 5x = 2x. Hannu yakan yi ƙaiƙayin soke x nan da can, a bar 5 = 2, a ce babu amsa. Alhali akwai: a ɗebe 2x, a sami 3x = 0, x ta zama sifili, kuma 5 sau sifili daidai yake da 2 sau sifili. Me ya faru? Sokewar nan rabawa ce da x, kuma x ɗin sifili ce, an raba da sifili ba a sani ba. Ɗazu na ce duk abin da ya halatta a yi wa lamba ya halatta a yi wa x. To wannan ma yana cikin maganar, tunda ba kowace lamba ake rabawa da ita ba. Tara x da ɗebe x ba su da haɗari ko kaɗan. Rabawa da x kuwa, sai kin tabbata ba sifili ba ce, kuma a wannan babi ba ki da bukatar yin ta sam.

Wataƙila ki ce a ina mutum zai gamu da irin wannan a wajen aji? Duk inda abubuwa biyu ke canzawa ana son sanin lokacin da za su zo daidai. Tanki ɗaya yana da lita 200, ana zuƙe lita 5 daga cikinsa kowane minti. Wani yana da lita 50, ana zuba masa lita 10 kowane minti. Bayan minti t, na farko yana da 200 − 5t, na biyu yana da 50 + 10t. A daidaita su, a ƙara 5t, a ɗebe 50, a sami 150 = 15t. Bayan minti goma kowanne yana da lita 150. Ki lura a nan tara saurin tankunan biyu aka yi, 5 da 10 suka ba da 15, saboda ɗaya yana sauka ɗaya yana hawa, suna nufo juna, ratar tana rufewa ta fuska biyu.

Wani misalin da nake so shi ne na ma'aunin zafi. Yawancin duniya da ma'aunin Salshiyos take aiki, Amurka kuwa da na Farenhait. Dangantakarsu ita ce F = 1.8C + 32, shi ya sa ruwa ke daskarewa a 0 a ɗaya, a 32 a ɗayan, yana kuma tafasa a 100 da 212. Shin akwai yanayin da ma'aunan biyu za su nuna lamba ɗaya? Ki kira lambar x, ki sa ta a gurbin F da C duka:

x = 1.8x + 32

Wadda ta fi ƙanƙanta ita ce x ta hagu, mai lamba 1 da ba a rubutawa. A ɗebe ta, hagu ya zama sifili, ba wai ya ɓace ba, kuma dole a rubuta shi: 0 = 0.8x + 32. A ɗebe 32, a sami −32 = 0.8x. A raba da 0.8, x ta zama −40. Gwaji: 1.8 sau −40 ya ba da −72, a ƙara 32, a dawo −40. A sanyin da ya kai digiri arba'in ƙasa da sifili, ba sai an tambayi wane ma'auni ake nufi ba.

Ga guda biyar ki gwada hannunki, kina rubuta abin da kika yi a gefen kowane layi:

8x − 5 = 3x + 30
9 − x = 4x − 11
5 − 3(x − 2) = 2x − 14
x/3 + 2 = x/5 + 4
4(x + 1) = 4x + 7

Da gangan ban ba ki amsoshin ba, tunda yanzu kin san yadda za ki tabbatar da su da kanki. Abin da zan gaya miki kawai shi ne huɗu daga ciki suna da amsa ɗaya-ɗaya, duka cikakkun lambobi sama da sifili, ɗaya kuma ba shi da amsa. Idan wani ya ƙi cin gwaji, kada ki goge aikin. Ki ɗauki amsar da kika samu ki sa ta a kowane layi, daga na ƙasa zuwa sama. Layin farko da ɓangarorinsa suka ƙi daidaita, tsakaninsa da na ƙarƙashinsa kuskuren yake. Idan kin nemo shi kin kasa gane abin da ya jawo shi, ki turo mini layukan biyu yadda kika rubuta su mu duba tare.